Ba Za a Kwance Na'urar Safiyo Ba

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran aminina kuma maƙwabcina, wanda kowa ya sani da Safiyo, bayan gajeriyar jinya a asibiti. An yi masa sutura a ranar, bayan sallar azahar. Wanda Ya ba mu aronsa Shi Ya karɓi abinsa, kuma hanyar da ya bi ita ce shimfiɗe a gaban kowannenmu. Na so in rubuta wannan ta'aziyya tun a makon farko, amma ban saba sakin rubutun da ban sake dubawa ba. Da na zauna daga baya, sai na tarar ba baƙin ciki kaɗai nake ɗauke da shi ba. An yi wasu maganganu a kan marigayin da kuma 'yarsa tun ba a naɗe tabarmar makoki ba, kuma ba zan bar su su wuce babu amsa ba.

Safiyo, bari in juyo gare ka, domin kai ne ka saba sauraron dogon bayanina ba tare da ka duba agogo ba. Kai ka ƙare aikinka a ofishin awon filaye, ni na ƙare nawa ina duba makarantu. Shi ya sa kake ce mini Sufeto, ni kuma nake ce maka Safiyo, har 'ya'yanmu suka tashi suna zaton sunayenmu na yanka ke nan. Waɗanda suka yi aiki da kai sun san ba ka taɓa matsar da turken iyaka don wani mai ƙarfi ya nuna maka inda yake so ya tsaya ba. Sun san abin da hakan ya jawo maka: aka riƙa jefa ka ƙananan ofisoshi na nesa, ƙannenka a aiki suka wuce ka, kai kuwa ko a jikinka. Sun kuma san matan da mazansu suka rasu, waɗanda ka auna wa filayensu a ranakun hutunka, ka ƙi karɓar ko kuɗin mota. Wannan ɓangare na rayuwarka yana da shaidu masu yawa, ba ya bukatar alƙalamina. Abin da zan tsaya a kansa shi ne ɗakin baya na gidanka, domin shi ake yi wa dariya, kuma shi aka so a watsa.

Ga wanda bai san gidan ba, Auta ita ce ƙaramar 'yarka. Zazzaɓi ya tafi da jinta tana ƙarama, daidai lokacin da bakinta ya fara kama kalmomi. Ba ka ɓoye ta a cikin gida ba, ba ka kuma yarda kowa ya laƙaba mata sunan tausayi ba. Kai da mahaifiyarta kuka koyi maganar hannu kuna magidanta, kai da yatsun da suka ƙage wajen riƙon tef da guduma. Ta yi karatu, ta zama malama a makarantar kurame. A can ta lura da wani abu da ba ya shiga rahoton kowane sufeto: yaro yana da bakin magana a makaranta, amma idan ya koma gida hutu sai ya zama baƙo, domin uwarsa da ubansa ba su iya yi masa magana ba. Sai ta fara ɗaukar gajerun darussa na bidiyo domin iyaye. Ita tana nuna alama da hannu, kai kana faɗin ma'anarta da murya, ana tura wa iyaye ta waya. Abin ya bunƙasa har ta bar aji ta koma kansa gaba ɗaya, makarantu da ƙungiyoyin iyaye suna kawo mata aiki. Da shi take ci, da shi take sha. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan jimlar.

Tsohuwar kwamfutar gidan ba ta iya ɗaukar aikin. Idan Auta tana tace bidiyo, wato tana yankewa tana jerawa tana ɗora rubutu, sai hoton ya riƙa tsalle, hannu yana nan sai a gan shi can, abin da ya faru a tsakani ya ɓace. Ga mai kallon wasan ƙwallo wannan ƙaramar damuwa ce. A maganar hannu kuwa akwai alamomin da bambancinsu bai wuce lanƙwasa yatsa ɗaya ba, don haka hoton da ya yi tsalle daidai yake da mutumin da ke haɗiye rabin kalmominsa. Ka bincika, ka gano abin da ake bukata. Akwai katin hoto, wani ƙarfe mai fanka da ake sokawa cikin kwamfuta, shi ke ɗaukar nauyin hoto mai motsi. Akwai kuma allon dubawa, wato wani allo banda wanda ake aiki a kansa, inda ake kallon aikin cikakke kamar yadda mai karɓarsa zai gan shi.

Ka ce in raka ka layin masu sayar da kwamfuta. Na ɗauka fitar yini ɗaya ce, sai ga shi mun shafe kusan damina guda muna zuwa muna dawowa. Kowane shago muka shiga, tef ɗin awonka yana aljihu, wani filashi kuma, ɗan abin adana bidiyo da ake sokawa a kwamfuta, yana rataye a wuyanka. A cikinsa akwai ɗan bidiyon Auta, sanye da riga mai duhu, tana magana da sauri irin yadda take yi idan ranta ya ɓaci. Shi ne ma'auninka. Wani mai shago, mutum mai fara'a da yawan zance, ya ɗauko mana wani katafaren kati mai fankoki uku da fitilu masu canja launi.

"Baba, wannan shi ne ubansu," in ji shi. "Duk masu buga wasan yaƙi shi suke nema. Dubi yadda yake walƙiya."

"Ɗana, ni yaƙina ya ƙare tun kana goye," ka ce masa. "Yatsu goma nake so in gani. Wuta nawa yake ci?"

Bai sani ba. Ka sa ya ɗauko kwalin aka karanta, sai ga shi batirin gidanka ba zai riƙe shi ko na tsawon darasi ɗaya ba idan aka ɗauke wuta. Ka zaro tef ka auna tsawonsa da kaurinsa, ka gwada da awon cikin kwamfutarka da ka riga ka haddace, ka ce ko kyauta aka ba ka sai an yanke akwatin da zarto kafin ya shiga.

"Wai Baba, saye kuka zo yi ko bincike?"

"Mai binciken ga shi nan," ka ce, kana nuna ni. "Ni awo kawai nake yi."

Daga ƙarshe ka ɗauki wani matsakaici marar fitila ko ɗaya, mai ramukan da za su ɗauki allo biyu, wanda ƙwaƙwalwarsa ta isa hoto ya gudana ko an ɗora masa rubutu, fankarsa kuma ba ta ruri. Na tambaye ka me ya dame ka da ƙarar fanka tunda mai aikin ba ta ji. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Ita ba ta ji, amma makirufo yana ji, shi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri." Na karɓi hujjar nan take, ni da ban cika karɓar hujja a karon farko ba.

Zaɓen allon ya fi wuya. A shagunan nan kowane allo kifaye yake nunawa, ko furanni, ko ruwa yana gangarowa daga dutse, an ƙure haske da launi har ido ya yi ƙwalla. Kai kuwa da shigarka sai ka ce a cire kifayen. "Kifi ba ya magana da hannu," haka kake cewa, sannan ka miƙa filashinka. Allunan da suka fi ɗaukar ido su suka fi ba da kunya. A wani, hannun Auta yana barin inuwa a bayansa idan ya yi sauri, yatsu biyu su zama huɗu. A wani, hannun da rigar suka narke suka zama baƙi ɗaya. Wani kuma yana da kyau matuƙar kana tsaye a gabansa ɗoɗar, amma da ka gusa gefe sai fuska ta koma kamar toka, alhali a jere ake zama a ɗakin naka, babu mai tsakiya shi kaɗai. Masu ƙyalli kamar madubi ka sallame su tun daga ƙofa, domin tagar ɗakin gabas take kallo, kuma ka ce ba fuskarka za ka zauna dubawa ba.

Da suka rage biyu ba ka yanke hukunci ba. Ka ce idon da zai yi aiki da allon shi zai zaɓa. Muka zo da Auta. Mai shagon ya riƙa ɗaga murya yana yi mata bayani, yana ƙara ɗagawa, har maƙwabtansa suka leƙo.

"Sassauta, ɗana," ka ce masa. "Ita ba za ta ji ba, ni kuma kana neman ka kashe mini kunne, mu zama mu biyu."

Auta ta kalli bidiyonta a kan kowanne, ta sa aka maimaita wurin da hannunta ya fi sauri, sannan ta ɗora tafinta a kan ƙaramin cikinsu, wanda launinsa ba shi da wani armashi. Mai shagon ya ce ai wancan ya fi girma, ya fi haske, kowa shi yake ɗauka. Ta yi wata alama, ka fassara masa: "Ta ce wancan ƙarya yake yi mata, wannan kuwa abin da ta faɗa yake faɗi." Shi aka sa mana a kwali.

Dole in ambaci abin da ya biyo baya, domin kai da kanka ka fi kowa son ba da labarin. Auta ta yi tafiya zuwa wata makaranta, kai kuma ka kasa haƙuri. Ka soka katin da hannunka, ka ɗaure, ka haɗa wayoyi. Muka kunna, muka zauna mu biyu muna yaba yadda hoto ya gyaru. Ka ce in dubi yadda yake tafiya kamar ruwa, ni ma na ce lalle akwai bambanci. Mun kwana biyu muna wannan yabo, har maƙwabta ka kira su gani. Da Auta ta dawo ta zauna, ba a daɗe ba ta juyo ta ce babu abin da ya canja. Ta leƙa bayan akwatin, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ashe wayar allon a tsohon raminta ka mayar da ita, sabon katin yana ciki fankarsa tana juyawa, ba abin da yake yi sai shan iska. Ta cire ta mayar inda ya dace, sai ga yatsu sun fito ɗaya bayan ɗaya, ras. Ina so a san cewa ni na ba da shawarar a karanta takardar bayani tun farko, kai ka ce wanda ya auna rabin ƙasa da ƙafarsa ba ya bukatarta. Tun ranar ka riƙa cewa a ɗakin nan mu biyu 'yan rakiya ne, ido na Auta ne.

Daga nan aikin ya samu tsarinsa. Auta tana gaban allon aiki. Kai kana gaban allon dubawa da abin sauraro a kunne. Ni ina gefe ina duba rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto, kuma ban taɓa barin kuskure ya wuce don rana ta yi ba. Kana da wata ƙa'ida da ba ka sassautawa: kada murya ta riga hannu. Dole uba ya ga alamar tukuna sannan ya ji ma'anarta, in ba haka ba kunnensa zai yi aikin, idonsa ya yi barci, ya gama darasi bai koyi komai ba. Saboda tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba kana iya sawa a sake jera darasi guda. Bayan allon dubawa ya wanke aiki, sai ka tura shi cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ka fita tsakar gida cikin rana ka kalla, domin ka ce irin wannan wayar ce a hannun yawancin iyayen, kuma ba a ɗaki mai labule suke kallo ba.

Ina nan ranar da wani direban babbar mota ya yi sallama a ƙofar gida, ƙaton mutum, hannayensa duk baƙin mai. Ya ce ba abin da ya kawo shi sai godiya. Ɗansa kurma ne, ya daɗe yana kuka yana dukan bango, su kuma suna ɗauka rigima ce, har takan kai a mare shi. Ya ce yana kallon darussan a tasha idan ana yi masa lodi. Ran nan ya dawo gida, yaron ya yi wata alama, shi kuwa ya gane: haƙori ke ciwo. "Baba," in ji shi, "yaron nan ya daɗe yana gaya mini, ni ne ban ji ba." Ka ba shi kujerarka, ka sa Auta ta koya masa yadda zai ba yaron haƙuri. Ya tafi yana maimaitawa da manyan yatsunsa har ya sha kwana.

To, wannan ɗakin ne aka zauna a wurin makokinka ana cewa ka ƙarar da kuɗin sallamarka a kan kayan wasan yara. Na ji wani yana cewa tsoho da furfurarsa ya ajiye carbi ya kama kwamfuta. Ga amsata, kuma a rubuce nake ba da ita domin kada a ce an ji ba daidai ba. Carbin Safiyo bai taɓa barin aljihunsa ba, kuma mai maganar a bayansa yake tsayawa a sahu, ranar da ya samu zuwa. Wanda ya kira wannan aiki wasa, ya je ya sami direban nan ya faɗa masa a gaban idonsa. Ni ban ga abin da shi ya yi da nasa kuɗin sallamar ba, banda ƙarin tumbi da sabuwar ƙofar ƙarfe.

Wannan maganar bakin titi ce, iska za ta kwashe ta. Wadda ta fi nauyi daga cikin gida ta fito. Ƙaninka, Baffan Auta, mai shagon tayoyi, ya tsaya a kanka a asibiti tsayuwar da ba zan manta ba, kuma ban zarge shi da mugun nufi ba. Amma shi ya kawo shawarar a kwance na'urar, wato kwamfutar da kayanta. Ya ce an gaya masa katin shi kaɗai yana da kasuwa yanzu, allon ma haka, idan aka sayar da su ɗaiɗai sun fi daraja. A ba da hayar ɗakin, a saya wa Auta keken ɗinki, "ta samu abin yi irin nasu." Yayyenta maza biyu suna nesa, sun ce duk abin da Baffa ya gani shi ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka yi maganar. Auta tana zaune a wurin, aka riƙa kawar da fuska ana kare baki da hannu domin kada ta karanta leɓe. A gidanka, Safiyo, inda ko baƙo ya san ana fuskantar Auta idan ana magana. Maganar hannuna ba ta wuce ta ɗan koyo ba, don haka na tashi na zauna a gabanta, na rubuta mata duk abin da aka faɗa, har da "irin nasu".

Na gaya wa Baffa, ina kuma maimaitawa a nan: ba ni da ta cewa a rabon gado, ni ba magaji ba ne, kuma abin da Allah Ya raba babu mai gyara shi. Amma babu inda aka ce dole sai an wargaza abu kafin a raba. A yi wa na'urar kima a yadda take, a haɗe, a sa ta cikin rabon Auta. Katin da aka zare daga wannan akwati zai ƙare ne a hannun wani mai harbin dodanni a allo, iyayen da ke jiran darasi kuma su ci gaba da jira. Wadda makarantu ke bin layi a kan sana'arta ba ta bukatar a nemo mata abin yi. Ban raina ɗinki ba, rigar da ke jikina tela ne ya ɗinka ta. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki gwana a mayar da ita 'yar koyo, don kawai ba ta jin abin da ake ƙullawa a kanta.

Ranar Asabar da ta wuce, da safe, Baffa ya zo da wani mai gyaran kwamfuta, da sukudireba a aljihun gaba, wai a buɗe a duba. Na riga su isa. Auta tana zaune a kujerarta, na'urar a kunne, darasin ƙarshe da kuka fara tare a buɗe. Ba ta tashi ba, ba ta kuma juyo ba.

"Sufeto, ni ba faɗa na zo yi ba," in ji Baffa. "Tambaya ɗaya gare ni. Yayana shi ne murya, shi ne kunne. Yau ba shi. Wa zai yi mata magana a ciki? Wa zai ji mata ko an yi daidai? Kai?"

Tambaya ce ta gaskiya. Kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya, na dama yana shirin bin sa, muryata kuma rawa take yi. Baffa ya juya ya yi wa mai gyaran alamar ya fara aikinsa.

Sai ga mai ɗakinka a bakin ƙofa. Duk shekarun nan ban taɓa ganin ta zauna a ɗakin ba, iyakarta ta ajiye mana ruwa, ta yi mitar wayoyin da ke kama mata ƙafa, ta fita. Tun rasuwarka kuwa ko kallon ƙofar ba ta yi.

"Baffan yara, ka tambayi kowa a gidan nan, ni ce ka tsallake?"

"Hajiya, ai ke ba ki san kan abin nan ba."

"Ban san kansa ba. Amma hannun yarinyar nan na san shi tun bai kai rabin tafina ba. Malam mai sukudireba, matsa in wuce."

Ta zauna a kujerarka. Ta sa abin sauraron a juye, Auta ta gyara mata shi. Aka kunna darasin. Muryarka ta shiga kunnenta, ita kaɗai take ji, mu fuskarta kawai muke gani, kuma ba zan bayyana ta a nan ba. Rabin darasin ka yi kafin ciwo ya kwantar da kai. Auta ba ta jin sauti amma tana ganinsa, domin a allon aikinta murya tana fitowa kamar zanen tsaunuka a jere, kuma daga inda ka tsaya zanen ya kwanta ya zama miƙaƙƙen layi har ƙarshe. Da aka iso wurin, hannun Auta a allon dubawa ya ci gaba da magana babu mai fassarawa. Mai ɗakinka ta jawo makirufo, ta dubi 'yarta. Auta ta koma baya kaɗan, ta danna. Babu takarda a gaban uwar. Tana kallon yatsun tana faɗi, alama bayan alama, a natse, ba ta yi tuntuɓe ba, domin kowane yatsa ya fito mata sarai. Layin ya tashi. Auta ta ɗora yatsa a kan allon tana bin sa har darasin ya ƙare.

Mai gyaran ya tura sukudirebansa can ƙasan aljihu. "Alhaji, ni ba na buɗe na'ura tana aiki," in ji shi. "Wannan kuwa da alama ba yau za ta tsaya ba."

Baffa ya ce, "Ni dai na faɗi nawa. In abin ya tsaya a hanya, kada a ce ban faɗa ba."

"An ji, an kuma gode," in ji ta. "In an zo rabo, a sa na'urar a na Auta. In nata bai kai ba, a cika da nawa."

Ya ce Allah Ya sa haka shi ne alheri, ya fita. Na san bai yarda har zuci ba, kuma na san akwai sauran masu jiran su ga ɗakin ya yi ƙura domin su ce da ma sun faɗa. Su gyara zama, jiran zai yi tsawo. Darasin ya fita ga iyaye ranar Laraba. An ba Auta shawara ta sa mahaifiyarta ta sake ɗaukar farkon domin murya ta zama ɗaya, ta ƙi. Haka ya tafi, rabinsa muryarka, rabinsa muryar matarka. Wasu za su ce bai yi tsari ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata da tsufana ina neman inda abu bai yi tsari ba, na zauna na duba shi daga farko har ƙarshe, ban sami abin gyarawa ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka, ba shi da kowa a can sai Kai. Ka jiƙansa, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya. Duk uban da ya fahimci ɗansa ta dalilin wannan aiki, da duk uwar da ta samu hanyar rarrashin 'yarta, Ka sa ladan ya riƙa isa gare shi ba yankewa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, Ka haɗa mu da shi a can idan tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya ƙarfafa muryarta. Ina miƙa ta ga 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, da ƙaninsa Baffan yara wanda ya yi jinyarsa, Allah Ya saka masa da alheri, Ya haɗa kan zuri'a. Ina miƙa ta ga abokan aikinsa na dā, da iyayen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba amma sun san muryarsa. Ke kuma Auta, 'yata, wannan ta'aziyya a rubuce take, babu wanda zai kare baki ya hana ki karanta ta. Allah Ya ba ki juriya, Ya albarkaci hannuwanki, Ya tsare miki abin da mahaifinki ya bar ki a kansa. Amin.